Ruwan Bayan Matafiyi

Da la'asar sakaliya Gulnar ta fito ƙofar gida da kwanon ruwa da ganyen rumman a ciki, don ta watsa a bayan motar mijinta Jamshid. Haka ake yi wa duk matafiyi a ƙauyukan yankinsu na Yazad, domin ya dawo lafiya. Jamshid zai kai baƙinsu 'yan yawon buɗe ido cikin sahara kallon faɗuwar rana, kuma tun aurensu bai taɓa fita ba ta watsa masa ba.

Baƙin nan kuwa, ko tari ka yi sai sun ɗauka a hoto. Suka roƙe ta ta watsa tun motar ba ta tashi ba, kuma ta fuskanci kufan tsohon gari, wai nan haske ya fi kyau. Ta biye musu. Ruwa ya tafi sharr a lungun da babu mai tafiya.

Da motar ta tashi, kwano ba ko ɗigo. Jamshid ya leƙo yana tsokanarta, wai yau ta sayar da shi a kan hoto. Ta yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba.

Magariba ta wuce, shiru. Ta kira wayarsa, ba ta shiga. Hankalinta ya tashi ƙwarai, domin yashin can ya sha haɗiye mota. Ta sake cika kwanon, ta fito.

Sai wari ya buge ta, irin na tsohuwar rijiya da aka daɗe ba a buɗe ba.

Daga lungun kufai ta ji taku. Caɓ. Caɓ. Jiƙaƙƙiyar ƙafa, a garin da ya shekara bai ga ruwan sama ba.

Wani dogon mutum ya tsaya gabanta cikin fararen kaya irin na masu haƙar hanyar ruwa ta ƙarƙashin ƙasa, waɗanda kan sa fari don idan rami ya rufta, likkafaninsu ke nan. Laka na zuba daga hannun rigarsa. Ba ta ga fuska ba.

"Sannu da aiki, 'yata," ya ce a hankali. "Ni ba a watsa mini ba ran da na fita. Sai yau."

Ta ja da baya riƙe da kwanon.

Ya ce ya zo ya tarar gidansu ya rushe, zai koma ya ɗauko sauran abokan haƙarsa, suna da yawa a ƙarƙashin ƙasa. Ya juya mata baya, ya tsaya.

"Watsa mini."

Hannunta ya ɗaga da kansa. Sabo ne, baƙo bai taɓa barin ƙofarta a bushe ba.

Sai ta tuna kwano ɗaya ne, kuma Jamshid na cikin yashi.

"Ka yi haƙuri, baba," ta raɗa. "Da mai shi."

Ta yi bismilla, ta juya da ƙarfi, ta watsa wajen da motar ta bi. Garin juyawa, 'yan ɗigo suka fantsama a dugadugan mutumin.

Ta faɗa gida ta danna sakata. Har asuba tana jin numfashi a jikin ƙyaure.

Da hantsi Jamshid ya iso da baƙin, leɓuna duk sun tsage. Ya ce sun ɓata, iska ta share hanya, sai ga wani siririn layin danshi a kan yashi, shi suka bi har bakin kwalta.

Tun daga ranar Gulnar ba ta ƙara watsa ruwa don hoto ba, kome magiyar baƙo. Amma ɗigon nan bai tafi a banza ba. Kullum da magariba sawun jiƙaƙƙiyar ƙafa yakan fito daga kufai ya tsaya a dokin ƙofarta, yatsun suna kallon waje, dugadugan suna kallon gida.