Baki na Uku

Dab da magariba 'yata Auta ta aike ni shagon Yaya. Zanen gidaje take yi a kwamfuta daga ɗakinta, wai allo ɗaya ya yi mata kaɗan. Ta samo na biyu, amma kwamfutar ba ta da wurin jona shi. Sai da adafta, in ji ta. Na yi ta maimaita sunan a hanya kar ya ɓace min.

Ni da Yaya uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya goya ni. Kayan kwamfuta yake sayarwa, amma tun da babban ɗansa ya kwanta, ba ci ba magana, sai kallon gefen dama, shagon ya koma kamar kango. Na tarar da shi zaune a duhu. Warin ƙonanniyar roba ya cika wurin.

Na faɗa masa abin da nake nema. Bai ko kalli kantar kayan ba. Daga ƙarƙashin kujerarsa ya jawo abin, naɗe a tsumma. Ɗan akwati ne baƙi, bai cika tafin hannu ba, da wutsiya ɗaya da baki uku. Na kama, ya riƙe gam.

"Kyauta ce. Ki ce kin karɓa."

Na yi dariya, na tambaye shi yaushe rowarsa ta warke. Bai dara ba.

"Da bakinki, ƙanwata."

Na ce na karɓa. Ya saki, ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Na ɗauka gajiyar jinya ce.

A gida Auta ta soka wutsiyar a kwamfuta, ta jona allunanta a baki biyu, na ukun ta bar shi a buɗe. Ta kira ni tana tsokana, wai in zo in ga ci gaba, ni da ko rimot ɗin talabijin ba ma shiri. Ta nuna min yadda 'yar kibiyar maus ke tsallakawa daga wannan allo zuwa wancan. Sai ta ɗaure fuska. Ta ce kwamfutar alluna uku take ƙirgawa.

Ta tura kibiyar dama don ta gani. Kibiyar ta wuce ƙarshen allo na biyu, ta ɓace.

Ba ta dawo ba.

Gurnanin kwamfutar ya ɗauke. Warin shagon Yaya ya shigo ɗakin.

"Umma," ta ce ƙasa-ƙasa. "Ana jan hannuna."

Na ga maus ɗin yana tafiya da hannunta a kan tebur, ƙiii, ƙiii. Wuyanta ya fara karkata dama. Irin karkatar ɗan Yaya sak.

Na bi inda take kallo. Bango ne kawai a wurin, amma wani haske mai kusurwa huɗu ya fito a jikinsa, dishi-dishi. A ciki akwai kujera. Ɗan Yaya ne a kai, yana miƙewa. Wani hannu mai dogayen yatsu ya fito ta bayan kujerar, yana kakkaɓe wurin zaman.

Na fizge wayar wuta daga soket. Alluna biyu suka mutu.

Na ukun bai mutu ba.

Auta ta tashi tsaye, ta nufi bangon. Ƙafa ɗaya. Ta biyu.

Na yi niyyar addu'a. Abin da ya fito kawai shi ne, "Ni na karɓa, ba ita ba."

Yatsun suka tsaya. Suka juyo.

Na damƙi adaftar. Sanyinta ya ci tafina kamar wuta. Na runtse ido, na ambaci Allah, na finciko.

Duhu. Sai Auta a ƙasa tana tari.

Ba mu gama farfaɗowa ba matar Yaya ta bugo waya tana kukan murna, wai yaronta ya tashi, har ya nemi ruwa. Na ce ta ba ni mijinta. Bai tambayi lafiyar Auta ba. Ya ce shi ma wani ne ya ba shi kyauta, kuma ai bai tilasta min ba, da bakina na faɗa.

Auta ta warke, ta koma allonta ɗaya. Ni ce duk magariba nake jin wuyana yana neman dama, sai na tallafe shi da hannu biyu. Na jefa abin a bola, na jefa a kwata, gari na wayewa yana kan teburina.

Jiya maƙwabciyata ta gan shi. Ta ce irinsa 'yarta take nema ido rufe, ko zan bar mata, ita za ta karɓa hannu bibbiyu.

Na buɗe baki. Na ji muryar Yaya tana hawowa daga maƙogwarona.

Na ce mata ya lalace.