Ludayi Ɗaya

Wa ya kawo cutar cikin gidan? Kwana arba'in ke nan Zinnira tana juya tambayar, ba ta samu inda za ta ajiye ta ba.

A makon da abin ya faru, mahaifinta Baffa ya ci kasuwar Getso, ya yi Juma'a a Kabo, ya kuma sha fura da saurayinta Badaruddeen da ludayi ɗaya.

Ludayin kaɗai mutanen garinsu Gude suka riƙe.

"Ana shafa addu'ar arba'in, a mayar musu da kayansu!" in ji Goggo Marka, ƙanwar Baffa, tana jan akwatin sa-rana zuwa tsakar gida. "Wanda ya kawo mana korona ba ya zama suruki. Ga Lukuman ɗana, ko tari ba ya yi."

Zinnira ta ci gaba da mulmula gumbar sadaka. Ba ta ji haushi ba. Tun ranar da aka dawo da gawar Baffa daga asibiti a Kano, ba ta ƙara jin komai ba, ko ɗanɗanon hawayenta.

Ita kaɗai ta san yadda aka yi.

Ana gobe zai zo gaida Baffa, Badaruddeen ya kira ta daga Gwarzo.

"Masoyiyata, a ɗaga zuwan nan. Mura nake yi, ko ƙamshin abinci ba na ji."

"Ba allura biyu aka yi maka ba? Da idona na ga katin."

"Malamar asibiti ta ce allurar ta rage min haɗarin kwanciya. Ba ta ce ba zan ɗauka in kai wa wani ba..."

"Sau biyu Baffa yana shimfiɗa maka tabarma, aikin makaranta na hana ka zuwa! Lukuman kuwa kullum yana zaure. In ba ka so na, faɗa min."

Ya zo, da takunkumi a fuska. Ta tare shi a ƙofar gida.

"Cire abin nan. Haka za ka gaida surukinka, kamar mai ƙyamarsa?"

Ya dube ta, ya daɗe. Sannan ya cire, ya cusa a aljihu.

Baffa ya ji daɗinsa. Ya sa aka dama fura da nonon shanunsa, ya sha, ya miƙa wa baƙon ludayin ya sha, sannan ya karɓa ya sake sha. Wane yaro ne zai mayar da hannun dattijo?

Murar Badaruddeen kwana uku ta yi. Tarin Baffa, da ya fara bayan mako guda, shi ya tafi da shi.

Da Badaruddeen ya zo ta'aziyya, Inna, mahaifiyar Zinnira, ta aika aka ce ya koma, ba zai ƙara taka mata zaure ba. Sau ɗaya ya roƙi Zinnira a waya.

"Ki gaya musu na ce a ɗaga."

"Ba zan iya ba. Uwa ɗaya ta rage min."

"To shi ke nan, ƙanwata."

Bai sake tayar da maganar ba, bai kuma gaya wa kowa ba.

Da aka shafa addu'ar arba'in ɗin, Zinnira ta leƙa ta kan katanga. Yana can ƙarƙashin darbejiya, nesa da tabarmin maza, takunkuminsa a fuska.

"Malam mai kati!" Lukuman ya ɗaga murya. "Yau kuma wa aka zo ɗauka?"



Zinnira ta wanke hannunta, ta shiga ɗakin da Inna ke takaba, ta durƙusa.

"Inna... Badaruddeen ya ce a ɗaga, ba shi da lafiya. Ni na hana. Da fuskarsa a rufe ya zo, ni na ce ya cire."

Ta jira mari. Bai zo ba.

Inna ta ja carbinta, ƙwaya ɗaya, biyu, ta tsaya.

"Ranar da masu allurar suka zo har ƙofar gidan nan, Baffanki ya riga ya naɗe hannun riga," ta ce a hankali. "Ni na ce masa kada ya yarda, ba mu san abin da ke ciki ba."

Ba wadda ta yi kuka. Daga tsakar gida ana jin Goggo Marka tana neman wanda zai ɗauki akwatin.

"Marka!" Inna ta kira. "Mayar da akwatin nan ɗaki."

"Yaya, yaron da..."

"Na ce ki mayar."

Ta juyo wajen 'yarta.

"Yana waje?"

"Yana gindin darbejiya."

Inna ta gyara mayafinta, ta tura tabarma bakin ƙofa, inda iska ke shigowa.

"Je ki ce ya shigo in karɓi gaisuwarsa. Ya bar abin a fuskarsa."