Ikilima Ta Soya Iri

Ranar da za a ba da dogon hutu, 'yan aji biyar sun kasa zama wuri ɗaya. Kowa ya rataya jakarsa, ido na kan ƙofa.

Malama Mardiyya ta buga tebur. "Ku natsu mana! Wannan hutun ba zan ba ku aikin lissafi ba."

Aji ya kaure da ihun murna.

"Amma kowa zai koyi yin wani abu da hannunsa," in ji ta. "Mafici ne, motar kara ce, alawa ce, duk abin da ya samu."

Ikilima ta ɗaga hannu tun Malama ba ta rufe baki ba. "Malama, ni kantun riɗi zan yi. Na sha ganin Ummata tana yi."

"To, uwar gaggawa. Allah ya ba da sa'a. Ki dai dawo mana da yatsunki goma."

Ikilima 'yar cikin garin Daura ce. Gidansu ba shi da nisa da rijiyar Kusugu. Ba ta taɓa riƙe fartanya ba. A saninta, riɗi a kasuwa yake, cikin buhu, kusa da mai gyaɗa.

Bana a garin Babban Mutum za ta yi hutu, wurin kakarta. Kawu Sada, ƙanin Ummanta, shi ya zo ya tafi da ita. Umma ta ƙulle mata ɗan sukari a leda, ta cusa cikin jakar kayanta.

"Ga na kantunki nan. Ki ji maganar Kaka, kin ji?"

"Na ji, Umma."

Damina ta zauna sosai. Ko'ina kore shar. Gero ya kai ƙugun mutum, awaki duk an ɗaure su a turke.

Kaka Shatu gwanar saƙar kaba ce. Washegari da hantsi ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya. Ta jiƙa kaba a ruwa har ta yi laushi. Ta tsaga ta siri-siri, ta nuna wa Ikilima yadda ake sarƙa ɗaya bisa ɗaya.

Ikilima ta yi ta fama. Nata ya karkace, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo.

Kaka ta ɗaga shi sama, ta juya shi. "'Yar birni, wannan mafici ne ko kunnen jaki?"

"Kai, Kaka! Kabar ce ba ta jin magana."

"Kabar ce, ko mai kabar?"

Suka yi dariya. Ikilima ta ajiye saƙar, ta matso. "Kaka, yaushe za mu yi kantu?"

"Sai ranar kasuwa mu sayo riɗi. Wanda muke ci ya ƙare tun cikin azumi."

Ikilima ta turo baki. Ranar kasuwa da sauran nisa.

Bayan azahar Kaka ta zura hijabinta ta tafi barka, don an yi haihuwa a bayan masallaci. Kawu Sada yana gona. Gida ya rage daga Ikilima sai kaji.

Ta shiga ɗakin ajiya neman ƙarin kaba. Can sama ta hango wani gora rataye a jikin azara. An toshe bakinsa da totuwar masara. Ta taka turmi, ta sauko da shi, ta girgiza. Wani abu ya yi shuu a ciki.

Ta cire totuwar ta zuba kaɗan a tafin hannu. Riɗi ne! Fari tas, manya-manya, babu tsakuwa ko ɗaya.

"Lallai Kaka ta tsufa," in ji ta. "Ga riɗi a gida, ta manta da shi!"

Nan da nan ta hura wuta. Ta ɗora babban kasko, ta juye goran duka. Ta riƙa juyawa da muciya kamar yadda Umma take yi. Can riɗi ya fara tsalle, tas-tas-tas. Ƙamshi ya cika tsakar gida. Ta sauke.

Ta narka sukarinta a ƙaramar tukunya har ya yi ja. Sai ta ga ashe sukarin kaɗan ne, ba zai ɗauki riɗin duka ba. Ta ɗebi riɗi ludayi biyu ta zuba, ta gauraya da sauri. Ta shafa man gyaɗa a faranti, ta juye, ta murza da kwalba har ya baje. Ta yanka shi tun da zafinsa.

Da ya huce ta gutsura. Ƙarau! Daɗi har kunne.

Sauran soyayyen riɗin fa? Ta jira ya sha iska, ta mayar da shi cikin gora, ta toshe, ta rataye inda ta same shi.

"Na ma rage wa Kaka aiki," in ji ta. "Ba sai ta sake soyawa ba."

Ta wanke kasko. Ta rufe kantun a kwano, ta tura ƙarƙashin gado. Sai an ci tuwo za ta fito da shi, kowa ya sha mamaki.

Gab da magariba Kawu Sada ya dawo, ƙafafunsa duk taɓo. Ikilima ta kai masa ruwa. Ya sha, ya ɗaga kai yana kallon gabas. Hadari ya yi baƙi ƙirin.

"Alhamdu lillahi," in ji shi. "In wannan ruwan ya sauka, gobe za mu shuka riɗi. Lokacinsa ya kusa wucewa. Za ki raka ni?"

"Zan je, Kawu! A kasuwa za ka sayo?"

Kawu ya yi murmushi. "Ina! Ai ina da irina. Bara na bi gona kai da kai, na zaɓi waɗanda suka fi kyau. Yana nan cikin gora a ɗakin ajiya."

Ikilima ta waiwaya ta kalli ɗakin ajiya.

"Me ya sa ka rataye shi can sama?" ta tambaya a hankali.

"Saboda iri rai gare shi, Ikilima. Barci kawai yake yi. Ba ya son danshi, ba ya son ɓera, ba ya son zafi. Ko kusa da murhu ba na ajiye shi. In wuta ta taɓa iri, ya mutu ke nan. Ko shekara ya yi a ƙasa ba zai tsiro ba."

Zaƙin kantun da ke harshen Ikilima ya ɓace.

Sai ga Kaka ta yi sallama. Ta tsaya a tsakar gida, ta ja hanci. "Wa yake suyar riɗi a unguwar nan? Ƙamshi har gidanmu."

"Ni mura ta toshe mini hanci," in ji Kawu. "Maƙwabta ne, wataƙila."

Ikilima ta sunkuyar da kai. Da aka zuba tuwo, loma biyu ta yi ta ce ta ƙoshi. Kwanon kantu ya kwana a ƙarƙashin gado.

Da asuba ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Gari ya waye da sanyi, ƙasa ta jiƙu sharkaf.

Kawu Sada yana ƙofar gida yana gyara ƙotar sungumi. Ya ɗaga murya. "Ikilima! Ga ƙwaryar yashi nan a bakin ɗaki. Sauko da goran nan, ki juye a ciki, ki gauraya sosai."

"Da yashi, Kawu?"

"Eh. Ƙwayar riɗi ƙanana ce. In ba a haɗa da yashi ba, sai ta zuba da yawa a rami ɗaya. Yi maza, kada rana ta yi."

Ikilima ta sauko da gora. Ta durƙusa gaban ƙwaryar. Ba kowa a kusa. Kaka tana madafa tana dama koko.

Ta cire totuwar. Riɗin ya yi ja-ja, ba kamar jiya ba. In ta juye shi cikin yashi, ba wanda zai lura. Ba wanda zai yi mata faɗa. Kafin a gane, wataƙila ma ta koma Daura.

Ta karkata goran.

Sai ta tuna ƙafafun Kawu da taɓo. Zai yini a duƙe yana shuka. Zai riƙa zuwa kullum da safe yana duba kunya-kunya, yana jiran abin da ba zai taɓa fitowa ba. Kafin ya gane, lokacin shuka ya wuce. Gonar za ta tashi a banza bana.

Ta mayar da totuwar. Ta rungumi goran, ta nufi ƙofar gida. Hawaye sun riga ta isa.

"Kawu, kada ka shuka wannan."

Kawu ya ajiye sungumi. "Me ya faru?"

"Na soya shi. Jiya. Na ɗauka na ci ne. Na yi kantu da kaɗan, na mayar da sauran."

Kawu ya karɓi goran. Ya zuba a hannu, ya murza, ya sa ƙwaya ɗaya a baki.

Kaka ta fito riƙe da ludayi. "Inna lillahi! Ashe ƙamshin daga murhuna ya tashi! Kuma ke kaɗai kika hura wuta, ba babba a gida?"

"Ku yi haƙuri," in ji Ikilima cikin kuka.

Kawu ya ja numfashi. "Jiya da kika soya, ba ki sani ba. Amma da na gaya miki, kin sani. Me ya hana ki magana?"

"Tsoro na ji."

"Da kin faɗa jiya, da tun jiyan na nemi wani. Yanzu ga ƙasa ta jiƙu, ga hannuna babu iri." Ya miƙe. "Share hawayenki. Sa hijabinki. Tare za mu nema, kuma ke za ki yi bayani da bakinki."

Gidan farko suka ce sun shuka nasu tun wancan ruwan. Gida na biyu, mai gidan ya riga ya tafi gona. A kowace ƙofa sai Ikilima ta gaida mutane, ta faɗi abin da ta yi. Kunya kamar ta nutse. Rana kuwa sai ɗagawa take yi.

Daga nan suka isa wurin Baba Mati, wani tsoho mai farin gemu, abokin marigayi kakanta. Yana zaune a zaure yana tufka igiya. Ikilima ta durƙusa ta gaishe shi, ta sake ba da labari.

Baba Mati ya saurara har ƙarshe. Sai ya fashe da dariya har da tari.

"Sada, ashe baƙuwar taku mai dabara ce! So take gona ta tsiro da kantu a yanke, a huta da wahala!"

Kawu bai so ba, amma sai da ya murmusa.

Tsohon ya shiga ciki, ya fito da wani ƙullin tsumma. "Ragowar nawa ne. Ba shi da yawa, kuma bai kai naka kyau ba. Amma ɗanye ne, 'yar birni, ban soya ba."

"Na gode, Baba. Allah ya saka da alheri."

"Ba godiya nake so ba. Ina kantun? A kawo mini rabona."

"Baba, da wane haƙorin?" in ji Kawu.

"Kai dai a kawo. Tsotsa zan yi."

A gona Ikilima ta gauraya irin da yashi da hannunta. Kawu yana gaba yana sara da sungumi. Ita tana biye, tana ɗiban kaɗan da yatsu uku, tana sakawa, tana rufewa da ƙafa. Kafin azahar bayanta ya ƙage. Ba ta yi ƙorafi ba.

Irin bai kai ƙarshen gona ba. Kunyoyi da yawa suka rage ta wajen wata bishiyar kuka.

"Can sai dai mu sa wake," in ji Kawu. "Irina na bara kuwa ya tafi. Sai na sake zaɓe daga farko."

Ikilima ta kalli wurin da ya rage. Yanzu ta ga girman abin da ta yi da idonta.

Soyayyen riɗin bai lalace ba. Da yamma Kaka ta tsaya a kanta, suka hura wuta tare. Kaka ta kawo zumar da take ɓoyo, suka yi kantu faranti biyu. Ikilima ta kai wa Baba Mati nasa, ta raba wa yaran maƙwabta sauran.

Tun daga ranar, kullum da safe sai ta bi Kawu gona. Ta duƙa ta leƙa kunya. Ba komai sai ƙasa. Ko wannan ma ba zai fito ba?

Wata safiya ta riga Kawu isa. Sai ya ji ta ƙwala kira.

"Kawu! Kawu, zo ka gani! Sun farka!"

Ga su nan jere bisa kunya, 'yan ƙanana, kowanne da ganye biyu, raɓa tana ƙyalli a kansu. Ikilima ta tsugunna, ta sa hannu a baya don kada ta taɓa su.

Kawu Sada ya tsaya kusa da ita. "Da kin juye goran nan cikin yashi, da yau ƙasa kawai muke kallo."

"Kawu, ba zan ƙara taɓa abin da ba a ba ni ba sai na tambaya," in ji ta. "In kuma na yi kuskure, a take zan faɗa, ko da za a yi mini faɗa."

"Haka ake so," in ji Kawu. Ya miƙa mata ƙaramar fartanya. "To tashi, manomiya. Ga ciyawa can tana jiranmu."