Katin da Ba a Mayarwa

Gwani suke ce masa a shagon wasan kati, amma wallahi zolaya ce. Tela ne, hannunsa ya san allura, sai dai a kan teburin kati ko ɗan makaranta kaca-kaca yake yi masa. Wasan kuwa ba kartar 'yan caca ba ce. Katuna ne masu hoton dodanni da mayaƙa, kowa ya haɗa ƙunshinsa ya zo a kara, wani katin ma ya fi keken ɗinkinsa tsada.

A cikinsu akwai katin ɓarawo. In ka ajiye shi, sai ka ɗauke katin abokin karawarka ka yaƙe shi da abinsa. Amma ƙa'ida ce, da an tashi wasa a mayar wa mai abu abinsa. Wannan mayarwar ce ke cin ran Gwani. Ya riƙe dukiya a tafinsa, can kuma ya miƙa ta yana yaƙe.

Alhali a gida Allah ya rufa masa asiri: ga Inna mahaifiyarsa, ga matarsa, ga 'yarsu tilo da ake kira 'Yar Baba. Ita ce ma ta yanki kwalin sabulu ta zana masa kati mai fuskoki uku, tata da ta uwarta da ta Inna, wai ya riƙa cin wasa.

Da rana tsaka ya je wurin wani boka, a wani bene da aka yasar ba a gama ba. Ɗakin babu taga. Ƙarni ya fara tarar sa, sannan hayaƙi mai ɗaci. Tukunya baƙa a tsakiya, an ɗaure mata wuya da jan ƙyalle, gashin tsuntsu ya manne a busasshen jinin da ke gefenta. Jikin bango kuwa kanta ce cike da tarkacen mutane: takalmin jariri, zobe, tabarau, mataji. Mai hankali da ya ga wannan kantar sai ya juya. Gwani zama ya yi.

"Ranka ya daɗe, so nake in na ɗauki katin mutum, ya manta nasa ne."

"Ƙunshin naku," in ji boka, "ana cusa masa kati yadda aka ga dama?"

"A'a, yana da iyaka. In ɗaya ya shiga, dole ɗaya ya fita."

"To mu ma haka muke aiki. Duk abin da ka ɗauka, za a ɗauki kwatankwacinsa cikin naka."

Gwani ya ce, "Jini?"

"Ko ɗigo."

"Idona fa? Hannuna?"

"Suna nan."

"Zai yi ciwo?"

Boka ya yi dariyar da ba ta da sauti. "Wanda ka ɗauke wa kati, yana jin ciwo? Kai ma ba za ka san ka yi asara ba. Ajiye mini wani abu na gidanka."

Gwani ya laluba aljihu, ban da katunan wasansa babu komai sai kwalin 'Yar Baba. Boka ya ɗora shi a kanta, ya karɓi katin ɓarawon Gwani ya tsoma a tukunya. Ya fito a bushe, da ɗumi kamar jikin mai zazzaɓi.

Aiki ya ci. Aka tashi wasa, Gwani ya zura katin mutum a aljihu, mutumin ya miƙa masa hannu ya tafi yana fito. Ƙananan katuna ya fara ɗauka, ƙananan abubuwa suka fara zubewa daga kansa: hanyar gidan amininsa, yadda ake zura zare a allura. Ko a jikinsa. Ya sayar da katuna, ya yar da ɗinki, ya sai gida da mota. Yanzu in an ce Gwani, ba mai dariya.

Ranar da ya ɗauki babban kati na farko, ya dawo ya tarar da wata tsohuwa a falo.

"Wannan baƙuwar fa?"

Matarsa ta saki kofi. "Maigida, Inna ce fa!"

Ya ƙura wa tsohuwar ido, bai ji komai ba. Inna ta kira shi da sunan da take kiran sa tun yana goye, ya ce a sallame ta. Daga ranar ta daina cin abinci. Da ta rasu yana tsaye cikin masu makoki yana duba waya.

Babban kati na biyu ya tafi da matar. Ya farka ya ga mace a ɗakinsa, ya yi mata korar ɓarauniya. Baiwar Allah ta zauce, tana bin titi da hoton aurensu tana tare mutane su shaida.

"Baba, Mama ce!" 'Yar Baba ta riƙe rigarsa tana kuka. "Ni ma za ka manta da ni?"

Ita kam ya san ta, har ƙasan ransa. Tsoro ya kama shi, ya ruga wurin boka. A kan kanta ya ga kwalin: fuska biyu sun goge, saura ƙaramar.

"Mayar wa mutane katunansu," in ji boka, "matarka ta dawo zuciyarka. Tsohuwa kam ta tafi. In ka ƙara ɗaukar babba, ka san wadda ta rage."

Ya tattara katunan a jaka, ya kama hannun yarinyar suka nufi shagon wasa. Sai suka tarar ana babbar gasa, wani baƙon attajiri ya zo da Zakin Zinare, katin da Gwani ke mafarki tun yana tela.

"Baba, ka ce mayarwa muka zo."

"Wasa ɗaya, uwata. Ba zan taɓa ɓarawon ba."

Ya zauna, ta tsaya a kafaɗarsa riƙe da jakar. Wasa ya yi zafi. Baƙo ya ajiye Zakin. Gwani ya ja kati, ɗumin nan ya taɓa yatsunsa. Ya dubi Zakin, ya dubi 'yarsa. Ya ce a ransa, zan ɗauka in ci wasan, in mayar nan take, ai ba zan manta ba.

Ya ajiye.

Shago ya kaure da ihu. Gwani ya zura Zakin a aljihu yana dariya, ya ji ana jan hannun rigarsa. Ya waiga.

"Yarinya, ina iyayenki? Ba a barin yara su kaɗai a nan."

Bai daina ɗauka ba, don ba sauran wanda zai tuna masa. Aka ci gaba da ɗiba a kansa har wasan ma ya manta. Gida da mota suka bi iska. Yau yana zaune a bakin titi, rungume da jakar kwalayen da bai san amfaninsu ba.

Ku masu ƙyashin abin hannun wani, ku ji da kyau: boka ba ya kyauta, kuma ba daga abin da ka raina yake ɗiba ba. Kullum wata budurwa na kawo wa Gwani abinci, ta durƙusa ta ce, "Baba, ga shi." Shi kuwa ya karɓa da hannu biyu, ya ce Allah ya ji ƙan mahaifinta.