Kwalba a Firjin Mama

Kai ma toshe hanci za ka yi idan aka ce maka aikin wata budurwa likita auna bayan gidan mutane ne. Haka kuke. Kitsen jini yana kwashe iyayenku ɗaya bayan ɗaya, ku kuwa kuna kau da kai.

A ɗakin gwaji ta fara ganinsa. Tela ne, ya naɗe kwalbar bayan gidansa cikin leda uku, sai zufa yake yi. Bincikensu na neman sanin yawan kitsen jini, wato kolestarol, da hanji ke fitarwa, shi kuma ɗan sa-kai na goma sha bakwai ne.

"Malam Sha Bakwai, miƙo mana. Ba zinariya ba ce."

"Wallahi da zinariya ce da tuni na miƙa."

Kafin wata biyu saƙonni sun kankama: "Likitata, na ci abin da kika auna mini, ko loma ban ƙara ba. Kewarki ce kawai ta fi ƙarfin sikeli."

Dokar binciken ita ce kwalba ta zauna cikin sanyi. Ranar hutu sai ya saka tasa a firjin mahaifiyarsa, kusa da madara. Mama ta buɗe leda, daga nan ta ji aikin wadda ɗanta ke son aura.

"Mai jagwalgwala ƙazanta ce za ta dafa mini abinci? Ba a gidan nan ba!"

Kwana tara babu saƙo. Likita ta kasa zaune ta kasa tsaye, wayarta a aljihun farar riga, tana dubawa kamar mai jiran sakamako. Rana ta goma ta je da kanta, ta durƙusa gaban Mama.

"Mama, laifina ne, ban ba shi akwatin ƙanƙara ba."

Daga bakin ƙofa tela ya ce, "Mama, kitsen da ya toshe zuciyar Baba har ya faɗi a shago, an same shi a jinina. Shi ya kai ni wurinsu. Na ɓoye miki ne."

Mama ta kalli ɗanta. Ta share ido da gefen mayafi, ta juya wurin likita.

"Tashi, 'yata. Firjina dai a rabu da shi. Wannan sakaran kuwa na ba ki, ki riƙe mini shi da rai."

Aka ɗaura aure, Mama ta fi kowa sa albarka. Allah Ya ba su zaman lafiya da tsawon kwana.

Kai kuma, makon nan ka je a auna jininka. Ka tafi da mahaifiyarka.