Ka Turo Mutanenka

Mai ɗaurin littafin nan ya sami matar da yake so, amma ya ce "to" a wurin da ya kamata ya ce "a'a". Abin da ya ɓaci ke nan, kuma har yau bai gyaru ba.

Shagon da yake aiki yana bakin ƙofar jami'a, ɗan tsukuku ne mai injin kwafi ɗaya da wuƙar datse takarda da warin gam. Nan ta shigo da aikinta na kammala karatu a leda, tana son baƙin bango da rubutun ruwan gwal. Ya bi shafin farko da yatsa.

"Tsangayar Nazarin Ɗan Adam. Likita za ki zama ke nan?"

"Ba jiki muke dubawa ba. Harsuna, tarihi, yadda mutane ke zama da juna."

"Shekara huɗu kina karanta mutum? Da kin zo shagon nan ranar da aka ɗauke wuta ana gobe miƙa aiki, da kin sauke a wuni ɗaya."

Ta yi dariya har ta dafa teburi, gam ya kama mata hannun riga. Tun daga ranar ta sa masa Mai Gam, shi kuma yana ce mata 'Yar Adam.

Ya rubuta mata: "'Yar Adam, yau na manna bangon wani a juye saboda ke. Oga ya ce ko in yi aure ko in nemi wani aiki."

Ta mayar: "Mai Gam, gaya wa Oga na zaɓa maka na farkon."

Bai ɓoye mata komai ba. Shi ba shi da uba, ba shi da dangi. Inna ce kawai, mai shara a asibiti, wadda ta tsince shi yana jariri naɗe cikin tawul a bayan ɗakin haihuwa, ta goya shi tana gugar ƙasa. Ya kai yarinyar ta gaishe ta. Inna ta ba ta kujera ɗayan da ke ɗakin, ita ta zauna a bakin gado.

"Ke ce mai karatun mutane? To karanta min wannan, 'yata. Ni na rene shi, na kasa."

Sai dai akwai wani mai kantin magani, ɗan aminin babanta, da ya daɗe yana zarya ba a kula shi. Shi ya bi diddigi ya kai wa uban labari. Uban bai yi faɗa ba, saƙo ya aika: "Ki ce ya turo mutanensa."

Mai Gam ya daina ɗaga waya. Ta ɗauka ya janye, sai ta rubuta masa:

"In ka gaji da ni ka faɗa. Ba a jingine mutum kamar tsohon bango."

"Ban gaji ba, 'Yar Adam. Ƙirga mutanena nake, kullum a ɗaya nake tsayawa."

Ta sami babanta yana gyara rediyonsa a baranda.

"Baba, shi ba ɗan Adam ba ne?"

"Ɗan Adam ne mana. Wanda ya yar da shi ma ɗan Adam ne. Ni ɗan mutane nake tambaya. Yayyena za su zauna su ce ɗan gidan wa ne, me zan ce?"

"A littafinmu duk bil Adama ɗaya ne."

"To a ɗaura auren a cikin littafin."

Amma mutumin ba mugu ba ne, kuma da ya ga yaron ya yaba da hankalinsa. Ya zaunar da shi, ya ce zai ba shi 'yarsa. Sharaɗi ɗaya ne. Ogansa zai zo a matsayin ƙanen mahaifinsa, a ce iyaye sun rasu. Tsohuwar kuwa, rabin unguwa sun san ta da tsintsiya a asibiti, sun san labarin tawul. Kada a gan ta a wurin biki, kada a kira ta uwar ango.

Mai Gam ya dubi labulen da ya san 'Yar Adam na bayansa. Ya ce, "To, Baba."

Ya tarar da Inna tana shafa magani a gwiwa. Sabon ɗinkin da ta yi don bikin yana rataye a ƙusa, ko ledar tela ba ta cire ba. Ya gaya mata yana kallon ƙasa. Ta rufe kwalbar maganin a hankali.

"Ogan naka ya iya ƙarya kuwa?"

"Inna..."

"Kira min shi. Baffa ya kamata ya san ɗansa."

Oga ya zo ya durƙusa, ta karanta masa. Tabon ƙafar hagu, ruwan zafi ne yana rarrafe. Ƙyanda ta kusa kashe shi yana ƙarami. Bai yi magana da wuri ba, kuma har ya shiga makaranta ba ya barci sai ya riƙe gefen zane. Oga yana maimaitawa, tana gyara masa inda ya kauce.

'Yar Adam ta zo da kuka ta ce a fasa. Inna ta ce, "Ki fasa in ci me? Je ki, 'yata." Yarinyar ta yi kukanta ta share, ta tafi gwajin kaya.

An ɗaura aure da hantsi. Oga ya sha hannu, har wani dattijo ya rantse ya ga kamannin hanci tsakaninsa da ango. Uban amarya ya sa albarka. Ana cikin hotuna saƙo ya shigo daga wayar wata nas, don Inna ta karɓi aikin wata abokiyar aikinta a ranar:

"Inna ta ce in rubuta. Allah Ya ba ku zaman lafiya da 'ya'ya masu jin ƙai. Ta ce ka ci abinci, ta san ba ka ci in hankalinka ya tashi."

Ya miƙa wa amarya wayar. Ta karanta, ta riƙe hannunsa, mai hoto ya ce su yi murmushi, suka yi.

Suna zaune lafiya, kuma suna son juna, wannan ba ƙarya ba ne. Inna tana zuwa in ta tabbata babu baƙi. Ran nan lissafi ya kuɓuce mata, gwaggwannin amarya suka shigo suka same ta tana share tsakar gida.

"Wannan fa, ango?"

Ya buɗe baki. Inna ta riga shi.

"Mai taya su aiki ce, Hajiya. Sannunku da zuwa."

Babbar gwaggon ta miƙa mata jakarta ba tare da ta dube ta ba. Inna ta jingine tsintsiya, ta karɓa da hannu biyu, ta bi su a baya.