Ruwan Jego a Gindin Sarauniyar Dare

Ku matso, ba zan ɗaga murya ba. Kai Ilu, in ka san za ka jiƙa mana tabarma, tashi tun yanzu.

Kun san Kawu Sallau, mai sayar da dashen furanni a bakin titi. Yana sabon magidanci ya kawo wani reshe gida, wanda suke kira sarauniyar dare. Da rana ba ta da wani kyau, ganye ne da 'yan furanni a tsuke. Rana na faɗuwa sai ta buɗe, ƙamshi har bayan layi. Tsofaffi suka ce masa irin wannan ƙamshin ba mutane kaɗai yake kira ba. Ya yi dariya. Kuma don tsabar tsimin ruwa irin na mai lambu, sai ya dasa ta a bakin makwararar banɗaki, wai ta riƙa shan ruwan wanka a banza.

Ta kama, ta bunƙasa. Shekara ta zagayo, matarsa Tasalla ta haifi 'ya mace, aka ɗora tukunyar jego. Kun dai ga yadda ake yi. Ruwa na tafasa, a tsoma ganyen darbejiya ana fyaɗawa a jiki, safe da yamma. To duk ruwan nan ina yake bi? Gindin sarauniya.

Jaririya ta ƙi nono. Furen na buɗewa da magariba sai ta tsala kuka, tana banƙarewa kamar an ɗora ta a garwashi. Aka kai asibiti, ba su ga komai ba. Aka sha rubutu, aka yi hayaƙi. Ana gobe suna, kukan ma ya ƙare, sai numfashi sama-sama. Tasalla na zaune da ita a cinya, nono na zuba a riga. Ta ce wa Sallau in yarinyar nan ta tafi, a haƙa kabari biyu.

Ya fita ko takalmi babu, zai ɗauko wata tsohuwar ungozoma a ƙetaren fadama. Shi kaɗai.

An yi ruwa da yamma, hanya duk taɓo. Yana tsakiyar fadama kwaɗi suka yi tsit. Sai ƙamshin furen nan, a inda ko tushe ɗaya babu. Ga mace tsaye a gabansa, ta lulluɓe. Ya yi sallama. Ta amsa, amma muryar ta bayan kunnensa ta fito. Ya dubi ƙasa. Shi taɓo har idon sawu, ita ƙafarta fes, taɓon ko lotsawa bai yi ba.

"Sallau. Ruwan gidanka ya dafa mini ɗa."

Ta ce tun da furen ya fara buɗewa suka tare a gindinsa, ita da iyalinta, ko allura ba su taɓa ɗaukar masa ba. Ta kwantar da ɗan autanta a sanyin saiwa, sai ga tafasasshen ruwa, ba bisimilla, ba gafara.

Sallau ya durƙusa a gabanta. Ya ce bai sani ba, ta ɗauki ransa ta bar jaririyar. Ta ce me za ta yi da ransa? Ɗanta fata ta saluɓe, ba ya ɗaukuwa a hannu. Ta ce ya koma ya tono shukar da ƙasarta, ya ɗauko a ka, ya kawo fadama kafin furen ya rufe, kada ya sauke a hanya. In nata ya samu sanyi ya farfaɗo, tasa za ta kama nono.

Ya koma da gudu. Ya yi ta tono da fartanya, da ta karye ya sa yatsu. Ya ɗora a daro, ya kinkima. Shukar da yaro zai iya ɗauka, sai ta yi masa nauyin buhun masara. Yana tafe yana jin motsi a bisa kansa: ƙarar ƙorai, tarin wani tsoho, da wani ɗan nishi siriri. Wuyansa na ƙara, ƙafa na zamewa, bai sauke ba.

Saura kaɗan ya isa, nishin ya tsaya.

Ya ji sanda ya tsaya. Ya ci gaba da tafiya yana kuka, har hawaye na hana shi ganin hanya. Ya sauke daron ana kiran assalatu. Matar ta durƙusa, ta cusa hannu cikin ganyen. Ta daɗe a haka.

"Nawa bai iso ba."

Kawu ya kifa goshi a taɓo.

"Na ji ka kana yi masa kuka," in ji ta. "Tashi. Ba na so wa Tasalla irin wannan daren."

Ya iso gida ya tarar da jaririya ta kama nono, tana zuƙa har da ƙwarewa. Da safe aka zo yi mata wankan suna, ana juya ta sai ga tabon ƙuna a gadon bayanta, faɗin tafin hannu, ya warke tas, alhali wuta ba ta taɓa ta ba. Ita ce Yaya Ladidi da ta yi muku kitso jiya. Wanda ya je ya tambaye ta, ni da shi ne.

Shukar tana nan a fadama, duk damina sai ta yi fure. Uwar nan ta yafe sau ɗaya, amma har yau ba ta tashi daga zaman makoki ba. In aka aike ku ƙetare bayan magariba, ku nemi abokin tafiya. Kuka ji ƙamshi, kada ku tsaya neman daga ina ya fito. Kawu Sallau kansa, da furfurarsa, ta titi yake zagayawa.